Hashimu Ɗan Isa, Wanda Ya Maido Mana da Muryar Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 18 ga watan Yuli na shekarar 2007, cikin kwanakin farko na watan Rajab, Allah ya karɓi ran Malam Hashimu Ɗan Isa a gidansa da ke Ƙaura Namoda, bayan jinyar ciwon hanta da ta kwantar da shi tun farkon bazara. An yi masa sutura bayan azahar, ana yayyafi. Masu zuwa shagonsa na kusa da tashar jirgin ƙasa sun san shi da Hashimu Mai Kwamfuta. Ni kuwa, Muhsina, malamar Hausa a wata makarantar 'yan mata a nan garin, taubashina ne. Mahaifiyarsa Gwaggo Ladidi ƙanwar mahaifina ce, kakarmu ɗaya, Kaka Hindu ta Zurmi.

Hashimu, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba a tsokani juna ba. Na sha gaya maka bakina ba zai taɓa yabon ka ba, kai kuma ka ce ba ka buƙatar yabon wadda take tsoron kunna rediyo. To ga shi yau na ɗauki alƙalami zan yabe ka a bainar jama'a, ba ka nan balle ka yi mini dariya. Wallahi da na so a ce kana nan ka yi.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ka dawo gida da takardar shaidarka ta aikin lantarki. A shekarun nan aka fara shigo da kwamfutoci ofisoshi da makarantu, yawancinsu a lulluɓe da zane suke wuni su kwana, kowa na tsoron ta lalace a hannunsa. Kai ne ka riƙa bi kana yaye zanen, kana zaunar da mutane a gabanta. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mu mata malamai muka ga zaman shago cikin maza ya yi mana nauyi, sai ka fasa ƙofa ta bayan shagonka, ka raba shi da labule, ka koya wa matarka Uwani aikin domin ta koya mana. Malamai mata da dama daga nan har Shinkafi a bayan labulen nan suka fara taɓa madannai. Akwai wani halinka kuma da mutane ba su lura da shi ba. In aka kawo maka gyara har aiki ya kai ga buɗe takardun mai ita ko hotunansa, sai ka juya masa fuskar kwamfutar ka ce ya duba da kansa, kai kuma ka kau da kai kana kallon titi.

Abin da ya haɗa ni aiki da kai shi ne waƙoƙin niƙa. Injin niƙa ya shiga kowane ƙauye, dutsen niƙa ya koma wurin zaman kaji, tsofaffin da suka iya waƙoƙinsa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma zamani ya sa wasunsu sun fara jin kunyar ɗaga murya ko a cikin ɗakinsu. Sai na ɗauki 'yar rikodata na riƙa bin su lokacin hutu, Zurmi, Galadi, Kurya Madaro, ina lallashin su su durƙusa gaban dutse su yi mini kamar da. A cikinsu babu wadda ta kai Kaka Hindu. Ta yi mini waƙoƙi cikin kaset guda, ba ta sake ganin wata damina ba Allah ya yi mata rasuwa.

Kaset ba ya jure zafin garin nan. Da na kawo maka su wasu sun fara mannewa, kai ka zauna ka juye su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kwamfutar da ka haɗa mini. Na Kaka ma yana kai ƙarshe zaren ya tsinke ya cukurkuɗe, bai sake kunnuwa ba. Daga ranar, duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan kwamfuta.

Kwamfutar kuwa ka zuba mata manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, a cikin rumbun ajiya ɗaya da ka raba biyu. Na ce maka wannan ai neman wahala ne. Ka ce in ɗauke ta kamar gida mai ɗaki biyu da zaure ɗaya. Ɗakin Windows nan zan riƙa buga rubutuna, domin shi kowa ke amfani da shi a makaranta da wurin buga takardu. Ɗakin Linux nan za ka ajiye muryoyin, saboda cututtukan kwamfuta da ake kwasowa a filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake yawo da ita daga shago zuwa shago, ba su cika damun sa ba. Zauren kuwa shi ne ɗan baƙin allon da ke fitowa da zarar an kunna, yana tambayar wane ɗaki za a shiga. Ka ja kunnena cewa wannan ɗan allon da nake rainawa, in ya ɓace, ɗaki na iya kasancewa cike da kaya amma a rasa ta inda za a shiga.

Sai ranar da ka kusa sa zuciyata ta tsaya. Ka gama kwafe komai a faya-fayai, ɗakin nan da wancan da zauren, ka rubuta wa kowane lamba, ka ƙara da wani da ka kira faifan ceto, wanda ke iya tayar da kwamfuta ko da babu komai a cikinta. Ka kira ni ta bakin labule, Uwani na zaune.

"Muhsina, zamna ki kalla. Yanzu za ni share ta kakaf."

"Hashimu, ka haukace? Muryar Kaka na ciki!"

"Na sani. In ba mu gwada hwaya-hwayan ga yau ba, da mi za mu san suna aiki? Sai ran da kwamhutar tam mutu?"

Ka danna, allo ya yi baƙi, na kunna na kashe babu komai. Na zage ka zagin da ban taɓa yi maka ba, har Uwani ta rufe baki. Kai kuwa ka naɗe hannu ka ce ba za ka taɓa ta ba, ni zan maido da ita da hannuna. Haka na zauna ina share hawaye ina sa faifai ina cirewa, kana gaya mini abin yi daga bayan labule, har zauren ya fito, na shiga ɗakin nan na shiga wancan, komai na nan yadda na bar shi. Sai a lokacin ka jawo durowa ka nuna mini rumbuna na asali a kwance. Ashe tun da safe ka cire shi ka sa wani fanko, shi ka share. Na yi fushi da kai har aka yi Sallah, amma abin da na koya ranar bai fita daga kaina ba. Daga baya na ji haka kake yi wa duk wanda ka yi wa ajiya, wasu har sun daina gaishe ka na ɗan lokaci.

Ba ka tsaya nan ba. Dangin mahaifinka makiyaya ne, ka tashi ka ga ba a tara shanu duka a garke ɗaya, ana ba da wasu kiwo can wani gari saboda ranar cuta. Haka ka yi da ajiyar mutane. Ta mutumin Ƙaura ka ce ya kai Shinkafi, ta mutumin Shinkafi ta zo Ƙaura. Tawa, ka bar mini kwafi ɗaya a wani ɗan rumbu na waje da nake jona wa kwamfutar, faya-fayan kuwa ka hau babur da kanka ka kai su Zurmi wurin mahaifina, Baba Nasidi. Ka gaya masa muryar mahaifiyarsa ce a ciki, ya kiyaye su daga rana da ruwa.

A daminar bana, kana kwance, aka yi wani hadari da hantsi ina makaranta. Tsawa ta faɗa kan wayar unguwarmu. Da na dawo gida warin ƙuna ne ya tare ni tun daga ƙofa. Kwamfutar ta ƙone, ɗan rumbun wajen da ke jone da ita shi ma ya bi ta. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi. Ban so a gaya maka ba, domin a lokacin ko kunu da ƙyar yake zama a cikinka. Washegari na shiga motar Zurmi.

Baba ya karɓe ni da fara'a, ya ce in kwantar da hankalina, ajiya na nan lafiya. Ya wuce da ni ɗakin girki, ya sa aka kawo turmi ya taka, ya miƙa hannu can saman murhu inda damman irin gero suke rataye, ya sauko da wani ƙunshi baƙi ƙirin.

"Baba, nan kuka aje su?"

"To ina ya hi nan? Wajen da ni ka rataye iri na. Rana ba ta kai, ruwa ba ya kai, hayaƙi na korar gara da ƙwaro. Muryar uwata ta, ƙasa za ni aje ta?"

Duk abin da ka gaya masa ya kiyaye, ya kuma ba su wurin da ya fi kowane daraja a gidansa, wurin da abincin baɗi yake. Na yi godiya na ƙunshe su a zane, na koma Ƙaura. Na kai wa Uwani muka kwance. Hayaƙi ya shiga ta bakin gidajensu na roba ya yi musu kunkunniya, ɗaya kuma, wanda ya fi kusa da wuta, ya lanƙwashe kamar ganye. Uwani ta kawo ruwan sanyi da ɗan sabulu da auduga, muka wanke su a hankali daga tsakiya zuwa baki yadda ta ga kana yi, muka shanya a inuwa. Duk suka yi fes ban da lanƙwasasshen. Lambar da ke jikinsa ta nuna shi ne mai ɗauke da ɗakin Windows da zauren. Rubutuna na shekaru ya tafi ke nan. Ban ko tsaya jimaminsa ba, rubutu ana sake shi muddin muryoyin na nan.

Uwani ta ba ni wata kwamfuta irin tawa daga shagonka. Na tayar da ita da faifan ceto, na raba rumbun biyu, na juye ɗakin Linux daga faya-fayan da muka wanke, sannan na zuba sabuwar Windows a ɗaya gefen. Na kashe na kunna ina jiran baƙin allon nan. Bai fito ba. Kwamfutar ta wuce kai tsaye cikin Windows kamar ba ta san da wani ɗaki ba. Na lalubo inda ake ganin rabon rumbu, sai ga gefen muryoyin an nuna shi wuri ne da ba a san ko mene ne ba. Ban san ko muryoyin na ciki ba, ko faya-fayan ne suka yaudare ni, ko ni ce na share su da hannuna garin zuba Windows. Na so in taɓa wurin in gani, Uwani ta riƙe mini hannu ta ce mu je wurinka.

Bayan la'asar muka shigo da ita ɗakinka, aka ɗora a kan tabarma, aka jawo waya daga janaretan maƙwabta. Rabona da ganin ka an ɗan jima. Ka rame har ban gane wuyanka ba, idanunka sun yi rawaya. Amma da Uwani ta ba ka labarin hayaƙi, ka yi dariya har ta sa ka tari.

"Kawu ya yi daidai. Ni nim manta ban ce mashi wuta ba." Ka juyo gare ni. "Kin taɓa wurin da tac ce ba ta sani ba?"

"Ban taɓa ba."

"To ɗakinki na nan. Zaure na Windows tar rushe tag gina nata, haka ta ka yi in ita aka zuba daga baya. Sa hwaihwan ceto."

Ba ka iya zama, ba ka ko iya ganin allon daga inda kake. Ka rufe ido kana faɗa mini umarnin harafi bayan harafi, ni ina bugawa ina karanta maka abin da ta amsa. Wani lokaci ka yi shiru har in zaci barci ya ɗauke ka, sai in ji ka ci gaba daga daidai inda ka tsaya. Na yi kuskure a wani wuri, ka ji daga amsar da na karanto, ka ce malamar Hausa guda ba ta san bambancin sifili da harafi ba. Uwani ta roƙe ka ka huta a ƙarasa gobe. Ka ce mata a'a, ba ka kuma faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da muka gama ka ce in cire faifan in kashe in kunna. Na danna. Baƙin allon ya fito da layukansa biyu.

Na shiga ɗakin muryoyin, na nemi sunan Kaka, na kunna. Ƙarar dutse ce ta fara fitowa, gurr, gurr, sannan muryarta ta hau kai, siririya, tana ɗan shaƙewa inda numfashi ya gaza mata. A tsakiyar waƙar har ana jin ta ta tsaya ta kori akuya ta ci gaba. Gwaggo Ladidi, wadda ta zo daga Ɗan Isa jinyarka, tana tsakar gida tana tankaɗe. Sai muka ga ta ɗaga labule ta shigo da rariya a hannu, gari a goshinta, tana waige-waige. Ta durƙusa gaban kwamfutar, da aka zo wurin amshi ta amsa wa uwarta kamar yadda take yi tana yarinya. Babu wanda bai yi kuka ba a ɗakin nan. Kai kuwa ido a rufe, leɓunanka na motsi kana bin waƙar. Tana ƙarewa Gwaggo ta ce a sa wata, ka ɗaga hannu ka ce ba za a ƙara ko ɗaya ba sai an sayo sababbin faya-fayai an kwafe, an ware wasu da za a kai Shinkafi. Gwaggo ta ce kai dai ba ka da daɗin zama tun kana yaro. Aka aika kasuwa aka sayo, sai da ka ji na ce an gama sannan ka bari aka saki ta biyu.

Ba ka cika mako ba bayan wannan rana. Na shaida, kuma duk wanda ya yi hulɗa da kai zai shaida, ka riƙe amanar mutane, ba ka leƙa sirrinsu ba, ba ka ɓoye saninka don a riƙa neman ka ba. So kake kowa ya iya da hannunsa ko ba ka nan, shi ya sa ka riƙa tsorata mu da gangan. Ƙarfin da ya rage maka a duniya kuma ka ƙarar da shi wajen buɗe mana ɗakin da tsofaffin matan ƙasar nan suke, waɗanda yawancinsu ba ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Uwani, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yanka Yazid da Anisa, Allah ya raya su a kan halinka. Ina yi wa Baba Nasidi ta'aziyyar ɗan ƙanwarsa, da dangi na Ɗan Isa da Zurmi, da malamai matan da suka koyi aiki a shagonka, da duk mutanen Ƙaura da Shinkafi da suka cika ƙofar gidanka ranar jana'iza. Allah ya ba mu haƙurin rashinka baki ɗaya.

Ta'aziyyar da ta fi mini nauyi ita ce ta Gwaggo Ladidi. Ranar addu'ar bakwai, bayan mata sun ragu, ta kira ni gefe ta kama hannuna.

"Muhsina, kin maido mani da uwata. To shi hwa? Kunna mani tashi in ji, ko gaisuwa ta."

Na koma gida na bi muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ka yi tari ko gyaran murya a bayan wata waƙa. Babu. Gidajen da na shiga ɗaukar waƙa maza ba sa shiga, in ka kai ni a ƙofar gida kake tsayawa. Tsofaffi na yi ta bi da rikoda don na ɗauka su ne za su riga mu tafiya, bai taɓa zuwa mini a rai in juyo da ita wajenka ba. Sai da na koma na durƙusa gaban Gwaggo, ta kama hannuna, na ce mata ba ni da ita. Ta saki hannuna, ta ce ba komai, tana jin ta a kunnenta tukuna.

Ya Allah, Kai da babu abin da ke ɓacewa a wurinka, Ka ji ƙan bawanka Hashimu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, Ka haɗa ta da ɗanta a inda za ta ji ya yi mata sallama da bakinsa. Amin.